Kwat Ɗin da Aka Hana Ni Yankawa

Ku yaran yanzu, in kun wuce ta gaban rumfata a kasuwar Black Market kuka gan ni zaune da keke da reza, sai ku zunguri juna kuna cewa, "Ga tonton can, kawun nan da ba ya ɗinka komai, sai dai ya rage." Ina jin ku. Kunnena bai mutu ba, hayaniyar Adjamé ce ta ɗan toshe shi. To ku matso, ku zauna a kan dilar nan, in ba ku labarin wani kwat da ya kusa sa in bar sana'a in koma tallan ruwan sanyi.

Aikina shi ne abin da ake kira retush. Ka sayi gwanjo, wanda a nan muke ce wa yugu-yugu, an ɗinka shi don wani ƙaton Bature da ya tashi da cuku da madara, kai kuwa Allah Ya yi ka kamar tsinken tsire. Sai ka kawo mini in sasanta ku. Kowa da yadda yake roƙo. Bajule ya ce da yarensu do bo a la, wato rage kaɗan. Ɗan makaranta ya zuba Faransanci har da lanƙwasa baki. Mutumin Ghana kuwa ya dire mini wando ya ce ridiyus, sai na tsaya na tambaye shi ƙugun wandon ko kuɗin aikin, kuma galibi duka biyun yake nufi. Ba ni kaɗai ke ragi a duniya ba, na sani. Likita ya ce a rage gishiri, mai abinci ta bar miya a wuta ruwanta ya ragu, makaniki ya rage wa inji gudu. Amma duk cikinsu ba wanda ake dawo masa bayan wata guda a ce ya maido abin da ya rage. Ni ake dawo wa.

Wandon farko da aka ba ni in taɓa, na wani direban gbaka ne, wato ƙaramar bas ta haya, a rumfar maigidana Malam Isufu, mutumin Tawa, a nan unguwar Bracodi. Na ɗauki almakashi zan yi bajinta, sai na ji bayan hannuna ya yi zafi. Malam Isufu ne ya make ni, ya karɓe almakashin, ya ɗaure shi da igiya a ƙugunsa kamar mabuɗin rumbu, ya miƙo mini reza. Ya ce, "Reza ta warware, allura ta mayar. Almakashi kuwa ba a yi masa biko." Na shekara da shekaru ina farke ɗinkin Turawa zare zare, har na fara mafarkin ina farke titin Adjamé. A wurinsa na koyi cewa cikin ɗan Adam ba shi da alƙawari: wanda ya zo bayan azumi a rage masa, shi zai dawo bayan babbar Salla a ƙara masa. Saboda haka ba ka yanke yadi. Ka naɗe shi ka ɓoye a ciki, ka kwantar da shi da dutsen guga da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya yi zamansa yana jiran ranar da tumbi zai dawo daga tafiya. Alli ma ba ma saya, guntun sabulun da ya siɗe shi ke zana mana layi, in an yi guga ya ɓace.

Wani abin da ba ku sani ba, rabin masu kayan da nake gyarawa ban taɓa ganin fuskarsu ba. Mata ke zuwa kasuwa su saya wa maza da 'ya'ya, kuma ba su yarda da santimita ba. Igiya suke kawowa. Ƙulli ɗaya ƙugu ne, na biyu tsawon ƙafa, na uku faɗin kafaɗa. Daga igiya kaɗai ina iya gaya maka ko mutum na cin abinci a gida ko a titi.

Shekarar korona ita ce shekarar da ba na so a tuna mini. Diloli suka yi wuya, masu saye suka ɓace, na koma ɗinka ƙyallen rufe hanci da guntayen wanduna, har wani ya dawo yana ƙorafin nasa na warin aljihu. Da abin ya lafa, sai gari ya cika da samarin da aka sallama daga aiki, kowa na yawo da takardu a cikin leda. A lokacin ne Tanti Ramma ta fara zuwa. Dattijuwa ce daga unguwar Biafra ta Treichville, tsallaken gada, gajera, mai maganar da ba a mayar mata. Ta kwance ɗauri ta fito da kwat ruwan toka, riga da wando, tsoho amma yadi na gaske, yana ƙamshin kafur. Ta ɗora igiya a kai.

"Tela, ranar Litinin mai shi zai je Plateau, unguwar manyan ofisoshi, neman aiki. Ka rage. Amma ko silin zare kada ka yanke."

Na ce, "Tanti, an gama." Na farke ɗinkin bayan wando na shigar da shi, na kama rigar ta gefe da gefe ta ƙarƙashin shafi, na naɗe ƙafa. Aiki ya yi kyau har na so in ajiye shi don talla.

Ba a daɗe ba ta dawo da kwat ɗin da wata igiya. Wannan karon ƙugun ya kai a ɗaure akuya biyu. Na duba igiya, na duba Tanti. Na ce a raina, to, ya samu aikin, kuma a gidan abinci ne. Na saki duk yadin da na ɓoye, na guge ramukan allura. Bayan ɗan lokaci ga ta kuma: ƙugu ya koma siriri, ƙafa kuwa ta ƙaru da kusan taƙi guda. Jama'a, mutum na ƙiba ya rame, wannan na sani. Amma babba ya ƙara tsawo tsakanin Salla da Salla?

Na fara zargin kaina. Na ɗauki tef ɗina na gwada da na maƙwabcina Musa mai gyaran waya, wanda yake auna komai har da gilashin waya. Daidai suke. Musa ya ce wata cuta ce, ya gani a waya, mutum ya kumbura da damina ya saɓe da rani. Mai sayar da takalma na gefenmu ya ce ba mutum ba ne, in daina taɓa kayan sai na yi alwala. Ni dai da ta sake zuwa na yi ta maza.

"Tanti, maigidan naki dai lafiya ko?"

"Maigidana ya rasu tun kanka bai fara furfura ba."

Allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Na ce, "Allah Ya jiƙansa. To wa ke sa kwat ɗin?"

"Tela, ɗinki ka koya ko aikin ɗan sanda?"

Daga ranar, in na rataye kwat ɗin a rumfa, ba na juya masa baya.

Igiyar ƙarshe ita ta kawo ƙarshen haƙurina. Da na miƙar da ita na zaci awon wuya ne. Ƙugun bai wuce cinyata ba, kafaɗar kuwa kamar ta ɗan tsako. Na shimfiɗa rigar, na ɗora igiyar, na juya ta gabas na juya ta yamma. Ku sani, ƙugu ana naɗe shi, ƙafa da hannu ana naɗe su, amma kafaɗar kwat ba ta naɗuwa. Ita ce ginshiƙin ginin. In za a rage ta sai an cire hannu, an yanke, an sake dasawa. Wandon ma in na shigar da shi yadda igiyar ke so, aljihunan baya biyu za su haɗu a tsakiya su gaisa.

Na ce, "Tanti, wannan ba zai yiwu ba sai da almakashi. Kuma wallahi ba zan ƙara taɓa kwat ɗin nan ba sai na ga mai shi da idona, ko mutum ne ko aljani."

Ta naɗe igiyarta. Can ta ce, "Ka zo gobe bayan la'asar."

Na shiga tasin haɗaka da muke ce wa woro-woro na tsallaka gada, kwat a cinyata, almakashi a aljihu, ina karanta duk addu'ar da na sani. Gidan irin na Biafra ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyoyin shanya sun fi wayoyin lantarki yawa. Wata tsohuwa Bajula, Ma Fanta, na soya ayaba, wato alloko, a bakin ƙofa. Ina yin sallama wani ƙato ya taso ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

"Tonton tela! Ni ne Hamza, ni ka saki wa wando. Yanzu ina tuƙa motar wani kamfani."

Kafin in sauke numfashi wani dogo kamar falwaya ya sunkuyo ya kama hannuna. "Ni kuma ni ka ƙara wa ƙafa."

Na zauna a kan turmi ba tare da an ce in zauna ba. Ashe mutumin da nake ta yi wa addu'ar samun lafiya, samarin gida guda ne. Tanti Ramma ta bayyana mini a taƙaice, tana hararar su don su yi shiru. Kwat ɗin na marigayi mijinta ne, wanda ya yi aikin ofis a Plateau. Duk yaron gidan da aka kira ganawar neman aiki, Bahaushe ko Bajule ko ɗan Mosi, ita ke ba shi aro, ta auna shi da igiya ta kawo mini. Ta ɓoye ne don kada a ji a kasuwa cewa 'ya'yan mutane na zuwa neman aiki da rigar aro.

Sai ta ɗaga murya. "Lawali! Fito tela ya gan ka."

Labule ya motsa, na zaci iska ce. Ashe yaron ne ya fito. Ɗanta ne, shi kaɗai gare ta. Yaro mai hankali, ya yi karatu, Faransanci a bakinsa kamar rediyo, Hausarsa kuwa sai ya tsaya ya nemo ta. Amma jiki, subhanallah, in ya tsaya a gefe sai ka nemi inda ya shiga. Wani otal a Plateau ya kira shi, suna neman mai zama a teburin karɓar baƙi. Ya gaji da zaman gida, ya riga ya gaya wa uwarsa cewa in wannan ma ya ƙi, zai bi abokansa arewa, ta hamada. Har ya haɗa jaka. Tanti ta faɗi wannan tana kallon famfo.

Na sa masa rigar. Kafaɗun suka zubo har gwiwar hannu. Yaran gida suka fashe da dariya, Ma Fanta ta ce ai kamar an rataya wa muciya bargo. Na yi musu bayani dalla-dalla: in na yanke, zai fito kamar ɗan minista, amma daga ranar kwat ya zama nasa shi kaɗai, don ba wanda zai ƙara shiga ciki sai mage. In ban yanke ba, zai je Plateau kamar wanda ya sato labulen masallaci.

A gefe akwai Sidiki, jikan Ma Fanta, yaro mai ƙirji, wanda shi ma an yi masa alƙawarin kira wata mai zuwa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da silifas.

Tanti Ramma ta ce, "Yanke."

Na ce, "Tanti, ke ce fa kika ce ko silin zare."

"Ni na ce, ni na janye. Na tufatar da 'ya'yan kowa. Ɗana ba zai mutu a rairayi don kafaɗar riga ba. Yanke."

Na zaro almakashi. Lawali ya riƙe mini hannu, kuma abin mamaki akwai ƙarfi a yatsun nan. "Non, Maman. Na Papa ne. Kuma Sidiki fa? Shi zai je da me, da zanin Ma Fanta?"

"Rufe mini baki, wa ya haifi wani tsakaninmu?"

"Tonton, kada ka yanke."

"Tela, da wa ka yi ciniki, da ni ko da shi?"

Hamza ya ce a yanke, shi zai sayi wani in an biya shi. Dogon ya ce Hamza tun bara yake cewa zai sayi guga. Ma Fanta ta shiga da Julanci, wata mata ta amsa daga banɗaki. Ni ina tsaye a tsakiya da almakashi a buɗe kamar bakin kada, in na dubi uwa ta ce yanke, in na dubi ɗa ya ce bari. Ban taɓa ruɗewa irin ta ranar ba, har na manta wanne ne hannun dama na rigar.

Ma Fanta ta doka cokali a kasko ta ce da Hausarta mai gishirin Jula, "Ku ba ni shi in ɗura masa alloko har Litinin, ya cika rigar!"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Idona na kan wata tsohuwar katifar soso da aka jingina a bango tana shan rana. Na mayar da almakashi aljihu. Na ce, "Tunda kwat ya ƙi raguwa, a ƙara yaron."

Wannan aikin babu shi a koyarwar Malam Isufu. Na yanka soso falle falle da wuƙar burodi, na jera shi tsakanin singileti biyu, na ɗinke da hannu: mai kauri a kafaɗa, matsakaici a ƙirji da baya, na fiƙe gefuna don kada a ga tudu. Na huda ramuka don iska. Wandon na raba ragin gida uku, baya da gefe biyu, na bar riga ta rufe sauran abin kunya. Da Lawali ya sa, tsakar gida ta ɗauki guɗa. Ƙirji ya fito, kafaɗa ta tsaya. Wuyan ne kawai ya tona mana asiri, kai ya zauna a sama kamar goruba a kan buhun gero, sai muka yi wa lakatai ƙulli mai girman dunƙulen hannu ya cike gurbin. Na yi masa huɗuba: kada ka ɗaga hannu sama, kada ka bari kowa ya dafa maka kafaɗa, kada ka shiga gbaka a matse ka, don soso in ya sha gumi sai an matse shi kamar wanki.

Litinin na kasa saka zare a allura. Ina ta ganin yaron ya narke a gaban Turawa, ko wani ya tsikare shi ya ji laushi. Da yamma sai ga shi a rumfata, jiƙe sharkaf, da leda a hannu.

"Tonton, sun ɗauke ni."

Na yi kabbara har Musa ya yar da wayar mutane.

"Amma ba tebur ba. Patron, mai otal ɗin, ya dubi ƙirjina ya ce irina suke nema a bakin ƙofa, in riƙa tare 'yan iska."

Na ce, "Kai? Wa za ka tare, sauro?"

Ya buɗe ledar. Yunifom ɗin da suka ba shi ne, an auna shi a kan soso. Ga shi ba zai je gobe a matsayin rabin mutumin da suka ɗauka ba. Kwat ya koma wurin Tanti lafiya ba a yanke shi ba, Sidiki ya sa shi a lokacinsa, amma ni na gaji sabon ciwon kai. Muka zauna muka yi shawara kamar masu shirin juyin mulki. Muka tsayar cewa zai ci gaba da sa sulkensa, ni kuma duk ranar hutunsa in zare falle ɗaya na soso, in kama yunifom ɗin daidai da haka, har ya sauka a jikinsa na gaskiya ba wanda ya farga. Na rage wanduna, na rage riguna, har rigar amarya na taɓa ragewa, amma ban taɓa zaton zan zauna ina rage mutum da kaɗan kaɗan ba.

Haka muka yi ta yi. Yana tsaye a rana yana gaida baƙi da Faransancinsa mai daɗi, Allah kuma Ya tsare, ba ɗan iskan da ya gwada ƙirjin. Ganin yana ta ramewa, abokan aikinsa suka fara ce masa yako, wato sannu, wasu na kawo masa sassaƙe. Wani mai tumbi a cikinsu ya bi shi har tasha yana roƙon ya gaya masa abin da yake sha.

Ranar da za mu cire fallen ƙarshe ya zo yana tafe yana dariya shi kaɗai. Ya zauna a inda kuke zaune ɗin nan, ya tuɓe singiletin ya ajiye mini a kan keke.

"Tonton, patron ya kira ni ofis ya rufe ƙofa."

Na ce, "Shi ke nan, an gano mu."

"Ya ce, Lawali, na ɗauke ka kamar bijimi, ga shi ka koma sanda. Zafin ranar bakin ƙofa ne ke cinye ka. In mutane suka gan ka za su ce ba na ciyar da ma'aikatana. Daga gobe ka koma ciki, ka zauna a tebur."

Har yau yana kan teburin nan cikin sanyin na'ura. Kuma har yau in patron ɗinsa ya zo wucewa sai ya tsaya ya dube shi da tausayi, ya girgiza kai, ya aika kicin a ƙara masa shinkafa.